Ƙofar da Ta Raɗa wa Kafinta Suna

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kamfanin Ƙofa Buɗe ya san yadda ake farawa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Sai wata ƙofar katako ta bayyana a tsakiya, ita kaɗai, ba bango ba gida. Ta fara buɗewa a hankali, haske na tsiyayowa ta bayanta, tana wani dogon kuka, ƙiiiii, irin wanda ke kashe wa mutum haƙora. Sannan sunan kamfanin ya fito. Shi ke nan tambarin. Tsawonsa bai kai na hamma ɗaya ba, amma ya ishi wani bawan Allah ɗawainiya sama da shekara ashirin.

Bawan Allahn kafinta ne. Shagonsa na layin masu katako, tsakanin mai walda da mai gyaran firji, inda in ɗaya ya yi shiru ɗayan ke karɓa. Dogo ne siriri, da fensir a bayan kunne, wanda ko wanka zai shiga sai matarsa ta tuna masa ya cire. Sunansa na gaskiya yana nan lafiya lau a katin shaidarsa, ba mai damunsa. A layi, a unguwa, har a bakin jikokinsa in sun tabbata ba ya kusa, Malam Ƙiii ne. Ya ƙi sunan tun ranar farko, abin da ya sa mutanen layi suka ce ai ka ga ya dace da shi ke nan.

Maganar gaskiya, kafinta ne na kirki. Ubangidan da ya koya masa aiki da kyanwa yake gwada ƙofa. A bari ta yi barci a gindin ƙofar, a buɗe a rufe. In ta motsa kunne, a kwance aiki a sake. Da wannan horo ya tashi. A wurinsa ƙofa bebiya ce, aikinta ta buɗe, ta rufe, ta kama bakinta. Ya yi wa makarantu, ya yi wa ofisoshi, ya yi wa gidajen da masu su ba sa amsa gaisuwarsa. Duk ƙofofin nan suna can suna aikinsu shiru, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yi su. Guda ɗaya ce aka ji muryarta, ita ce kuma duniya ta sani.

Ƙanen matarsa ne ya ja masa. Yana da shagon hayar kaset a bakin titi, ya kalli fina-finai har ya yanke wa kansa hukunci cewa yin su ba zai fi kallonsu wuya ba. Ya sayi tsohuwar kyamara, ya sayi baƙin tabarau, ya umarci kowa ya riƙa ce masa Darakta tun kafin ya ɗauki hoton ko ƙadangare. A lokacin ne ya roƙi mijin yayarsa ya taimaka masa da ƙofa a banɗakin da ke bayan shago. Aikin dangi ne, wato aikin Allah ya saka da alheri. Kafinta ya tattara ragowar katako ya haɗa, ya je ya kafa da yamma, ya kama gabansa. Daga baya ya ba da dalilai iri-iri game da wannan rana. Wani lokaci zazzaɓi yake yi. Wani lokaci katakon ne ɗanye. In ransa ya ɓaci sosai, duka biyun ne, ga kuma ruwan sama.

Da fim na farko ya kammala, sai Darakta ya lura fina-finan ƙasashen waje ba sa farawa haka kawai. Sai an nuna wani abu tukuna, don mai kallo ya san ba da yara yake hulɗa ba. Ya so ya nuna zaki. Ba a samu mai ba da aro ba. Aka sauko kan zakara. Zakaran ya yini a gaban kyamara yana tsince-tsince, ya ƙi cara, da yamma ma'aikata suka yanke masa hukunci a cikin tukunya. Ana cikin wannan takaici Darakta ya zagaya bayan shago. Yana fitowa rana ta haska ta bayan ƙofar banɗaki, ya tsaya cak ya ce ya ga tambari. Aka ɓalle ƙofar aka kai ta sito, aka toshe tagogi da barguna, aka shigo da babur aka tayar da shi, aka haska fitilarsa a bayanta. Banɗakin kuwa da labule ya ƙarasa rayuwarsa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin a gidan kallon unguwa, Kafinta ya sa kayansa na fita, aka ba shi benci na gaba a matsayin dangin kamfani. Allo ya yi baƙi, ƙofa ta bayyana. Nan take ya gane ta. Da ya yi haƙurin numfashi ɗaya, da tarihinsa ya sha bamban. Amma ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci jama'a, ya bugi ƙirji.

"Jama'a, aikina ne wannan! Ni na yi ta!"

Bai rufe baki ba ƙofar ta buɗe nata.

Can daga benci na baya sai muryar Mai Ƙusa ta taso. Shi ma kafinta ne, shagonsa na kallon na Kafinta a tsallaken titi, kuma duk ciwon da katako ya zo da shi magani ɗaya ya sani, a ƙara ƙusa.

"Ƙiiii! Sannu da aiki, Malam. Allah ya ƙara basira."

Aka bushe da dariya. Fim ɗin na ban tausayi ne, uwa ta mutu an kori ɗa daga gida, amma har aka tashi ba wanda ya samu ya yi kuka yadda ya kamata. Da an yi shiru sai wani ya ce ƙiii daga wani lungu.

Washegari Kafinta ya ɗauki gwangwanin mai ya nufi shagon kaset. Ya tarar an kafe ƙofar a jikin bango, bayan teburin Darakta, kamar takardar shaidar digiri. Ba ta buɗuwa ba ta rufuwa.

"Sauke ta in sa mata mai, ku sake ɗauka," in ji shi.

"Haba Mijin Yaya," in ji Darakta. "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Jiya mutane sun fita ba wanda ya riƙe sunan jarumi, amma kowa ya riƙe ƙofa."

"Sunana suka riƙe suna ja a ƙasa."

"To da wa ya san ka? Kyauta na yi maka talla."

"Ni ma kyauta na yi maka ƙofa. Ta banɗaki na yi maka, ba ta talabijin ba."

"Ka ga albarkar zumunci ke nan."

Wannan hira sun maimaita ta shekara da shekaru, a ofis, a gidan suna, a gaisuwar mara lafiya, ba a canza ko kalma ba.

Kamfani ya ci gaba da tafiya irin tasa. Aka bar kaset aka koma faifai, masu kwafi suka riƙa fitar da fim tun kafin Darakta ya ga ƙarshensa. Aka koma tashoshin talabijin, daga nan abin ya shige cikin waya. Ofis ya tashi daga shagon kaset ya koma saman wani kantin magani, wurin da ya dace da yawan ciwon kan da ake samu a cikinsa. Jarumai suka zo suka yi suna suka yi fushi suka tafi. Labarin fina-finan dai bai cika canzawa ba: mai kuɗi ya tsiyace, matsiyaci ya yi kuɗi, a tsakani a yi kuka a falo mai kujeru manya. Abu biyu ne suka ga farko suka ga yau. Ɗaya ƙofar. Ɗayan mai haɗa sauti, wanda ake kira Kunne, domin ya daɗe da lasifikar kunne a kai har ya kai sai an ɗaga murya yake ji.

Duk inda fim ya je, kukan ya riga shi isa. Yara na yin sa in malami ya shigo aji. Matasa suka mai da shi ƙarar kiran waya, har ya zama Kafinta na tsaye a layin biyan kuɗin wuta sai ya ji abin kunyarsa na tashi daga aljihun wani. Mafi ciwo masu zuwa shago su ce suna son ƙofa irin ta fim, mai kukan nan. Waɗannan korarsu yake yi. Su kuwa ba sa wahala, titi kawai suke tsallakawa, domin ƙofofin Mai Ƙusa da kukansu suke zuwa ba sai an roƙa ba.

Matarsa ta gaji da kallon wannan asara.

"Malam, mutumin nan fa ƙofofin gida guda ya zo nema."

"Masu kuka yake so."

"To ka yi masa mana. Kai za ka kwana a gidan?"

"Ni kafinta ne, ba makaɗi ba."

"Ai na gani. Makaɗin ga shi can ya sake wa shagonsa rufi. Ni dai tsakaninka da ƙofar nan ban san wa ya fi wani kuka ba."

Sai dai akwai wasu abubuwa da ya kamata a faɗa, tunda sun faru. In aka sa fim ɗin kamfanin a gidansa, tashi yake ya fita tsakar gida, amma ba ya nisa da taga sai kukan ya wuce. Ranar da wata tasha ta yanke tambarin don ta cusa tallar sabulu, shi ya fara lura, daga can inda ya ce ba kallo yake ba.

"Waɗannan ba su san aiki ba," in ji shi. "Ana fara fim ba sallama?"

Matarsa ta dube shi, ta ci gaba da ninke kaya.

Akwai kuma tafiyar da suka yi wani asibiti mai nisa a duba masa ido. Zaman jira ya yi tsawo, matarsa ta shiga hira da wadda ke kusa da ita, magana ta kai ga ƙofa. Kafin a jima ma'aikatan jinya sun fito suna leƙensa. Wata ta ɗauki hoto da shi. Likita ya ce da kukan nan ya girma, ya ba shi hannu har da ɗan rusunawa. Kafinta ya dawo gida yana cewa an ci masa mutunci. Ya kai ƙarar wannan cin mutunci wurin mai walda, ya kai wurin mai gyaran firji, ya kai teburin mai shayi. Duk lokacin da ya sake ba da labarin, ma'aikatan jinyar ƙaruwa suke yi.

Shekaru suka tura. Gwiwoyin Darakta suka daina yarda da matakalar ofis, ya miƙa kamfani ga babbar 'yarsa, wadda ta yi karatun fim a makaranta, abin da mahaifinta ke ɗauka a matsayin ɗan naƙasu. Aikinta na farko ta sa tsohon tambari a babban allo na zamani. Ƙofar ta fito dishi-dishi kamar an ɗauke ta ta cikin ruwan wanki. Ta ce sai an sake ɗauka. Wata safiya motar kamfani ta tsaya a layin masu katako, aka sauke ƙofar, ta yi ƙura, ga ramukan ƙusa a kusurwoyinta.

"Baba, ga 'yarka mun dawo maka da ita," in ji 'yar Darakta. "Za mu sake ɗaukar tambari. Ka gyara mana ita ta yi kyau."

Kafinta ya cire fensir daga bayan kunne, ya mayar, ya sake cirewa.

"Sake ɗauka? Daga farko?"

"Daga farko, Baba. Sabuwar kyamara, komai tas."

"Duk abin da na ga dama in gyara?"

"Kai ne gwani. Ni dai ta yi ƙyalli."

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kin fi ubanki hankali, kodayake wannan ba wani abin yabo ba ne."

Ya ajiye duk aikin da ke gabansa. Abin da ya fara yi, ya kwance tsofaffin ƙarafunan da ƙofar ke juyawa a kansu, waɗanda tsatsa ta cinye, ya wurga su kwata. Bai ko gwada su ba, bai ba su damar kare kansu ba. Ya sayo sababbi masu tsada daga aljihunsa. Ya cike ramuka, ya goge da samfefa har katakon ya yi santsi kamar kumatun jariri, ya shafa mai ya bari ya sha, ya sake shafawa. Ya kafa ta a tsakiyar shago, ya aro kyanwar mai gyaran firji ya ba ta kan kifi, ya jira barci ya ɗauke ta. Ya buɗe, ya rufe. Ya buɗe, ya rufe. Kyanwa ko gezau. Sai ya leƙa waje ya ƙwala wa Mai Ƙusa kira.

"Zo ka ji wani abu."

Mai Ƙusa ya tsallako yana goge hannu a riga. Kafinta ya buɗe ƙofar a gabansa.

"Ban ji komai ba," in ji Mai Ƙusa.

"Shi na kira ka ka ji. Na san ba ka taɓa jin irinsa a shagonka ba."

Da ya gama, ya ɗauki ƙaramin abin sassaƙa, ya zana cikakken sunansa a ƙasan ƙofar, baƙi-baƙi, yadda ko mai ciwon ido zai karanta. Lokaci ya yi da duniya za ta san wa ke yin ƙofa bebiya.

Ranar ɗauka ya riga kowa zuwa. Ba babur a wannan karo, fitilu ne manya a kan ƙafafu. Ya tarar da Kunne zaune a waje yana ɓare gyaɗa.

"Kai ba za ka shiga ba?" Kafinta ya ɗaga murya.

"In yi me a ciki?" in ji Kunne.

Kafinta ya ɗauki wannan a matsayin yabo mafi girma da aka taɓa yi masa. Mai sauti da kansa ya san ba abin da zai samu. A ciki kuwa abin ya ɗan dame shi. Kyamara na aiki, ma'aikata na hirarsu, wani na amsa waya, wani na tauna biskit.

"Kai, ku yi shiru mana a ji shirun!" ya daka musu tsawa.

Suka yi dariya, suna zaton barkwanci ne.

"Ba komai Baba, ba zai shiga ba," in ji 'yar Darakta.

Bai tambayi abin da take nufi ba. Shi a saninsa kyamara kamar mutum ce, abin da ta gani da ido shi take ji da kunne.

Da aka sa ranar nuna sabon fim da sabon tambari, da kansa ya bi layi shago-shago yana gayyata. Mai Ƙusa kam sau biyu aka gayyace shi. Zaure ne babba aka kama, da lasifikoki a gaba da baya da gefe. Aka ɗauko Darakta a kujera aka ajiye shi kusa da mijin yayarsa. Fitilu suka mutu. Ƙofa ta bayyana, tana sheƙi, kowane zaren katako a fili, ga suna a ƙasa raɗau. A wannan karo Kafinta bai miƙe ba, ya koyi darasi. Gyaran murya kawai ya yi, ya harɗe hannuwa.

Ƙofa ta motsa.

Ƙiiiiiii.

Ta gaba ya fito, ta baya ya fito, ta gefe ya fito, har a ƙarƙashin kujera mutum na jin sa. An wanke shi, an ƙara masa ƙarfi, ya fi na da tsawo. Zaure ya ɗauki tafi. Darakta na share hawaye. Daga baya, daga inda ta saba tasowa, muryar Mai Ƙusa ta zo.

"Madalla! Yanzu har da sa hannu!"

Kafinta bai ga fim ɗin ba, kodayake idonsa na kan allo har aka tashi.

Da safe ya hau matakalar ofis ba tare da ya gaisa da mai kantin magani ba. Ya wuce kai tsaye ɗakin tace fim, wani ɗan ƙuntataccen wuri da aka manne bangonsa da soso. Kunne na zaune a wata tsohuwar kujerar katako, ya ba ƙofa baya. Sai da Kafinta ya ɗaga masa lasifikar kunne ɗaya.

"Ƙofar da na kawo muku bebiya ce! Ina kuka samo kuka?"

"A ma'ajiya," in ji Kunne. "Tsohon ne na ɗora."

"Ka ɗora? Kaya ne?"

"Malam, hoto daban, sauti daban. Kamar riga da wando ne, kowanne da telansa, a jiki suke haɗuwa. Duk fim haka ake yi."

"Wato duk man da na shafa..."

"Ta yi ƙyalli kam. Kowa ya yaba."

Kafinta ya nemi wurin zama bai samu ba, ya jingina da soso.

"To tsohon ma laifinka ne. Da ka ji ƙofa na kuka ranar farko, ba sai ka aiko a kira ni ba?"

"Wace ƙofa?" in ji Kunne. "Ka manta babur ne ya ba da haske? Da na saurari abin da aka ɗauko, ba komai sai ƙarar inji da tarin Darakta. Na zauna ina tunanin ina zan samo kukan ƙofa, ga shi gobe za a nuna fim. Na gaji, na jingina baya haka..."

Ya jingina.

Ƙiiiii.

Kafinta ya zabura daga jikin soso. Muryar nan ya fi saninta fiye da ta 'ya'yansa. Ga ɗan karyewar nan a tsakiya, ga jan nan na ƙarshe.

"Sai na matso da makirfo," in ji Kunne. "Shi ke nan."

"Ita ƙofar tawa fa?"

"Oho. Ni ban taɓa jin muryarta ba."

"Shekara ashirin da ɗoriya! Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Kafinta ya tashe shi tsaye, ya kifa kujerar. Ƙusoshi ne a ƙasanta kamar an zuba da cokali, rabinsu a lanƙwashe, wasu sun shiga ta nan sun fito ta can suna neman hanya. Irin wannan aiki ba ya bukatar sa hannu. Duk da haka ya tambaya.

"A layinku na saya," in ji Kunne. "Wurin mai surutun nan da ke kallon shagonka."

Tunda da Kunne ake magana, duk ofis ya ji. 'Yar Darakta na tsaye a bakin ƙofa, ido waje.

"Baba! Wannan ai labari ne! Dama muna shirya ɗan fim na tarihin kamfani. Mu ɗauko mai kujerar, mu yi hira da shi, mu zaunar da shi a kanta ya jingina. Mutumin da ya ba Ƙofa Buɗe murya! Kai kuma mu wanke ka a gaban duniya, kowa ya san ƙofarka ba ta taɓa kuka ba. Ba abin da kake nema ke nan ba tun ina goye?"

Shi ne kuwa. Abin da ya hau matakala yana nema, abin da ya ɓata da ƙanen matarsa a kai, ga shi an miƙo masa a faranti. Ya tsaya da ƙafar kujera a hannu. Sai ya hango Mai Ƙusa a allo, da sabuwar riga, yana bayanin yadda ya tsara kukan da gangan. Ya hango shi a asibiti, ma'aikatan jinya sun kewaye shi, likita na rusunawa. Ya hango sabon allo a saman shagon tsallaken titi. Sannan ya hango kansa, wankakke tas, kafinta mai ƙofofi bebaye, wanda in ya shiga wuri ba wanda zai ɗaga kai.

Ya ajiye kujerar a hankali.

"Wace kujera?" in ji shi.

"Wannan mana, Baba."

"'Yata, kar ki biye wa mutumin da sai an yi ihu yake ji. Ni na yi ƙofar nan da hannuna. Zazzaɓi nake ranar, katakon ɗanye, ga ruwan sama. Kukanta ne. Uba zai kasa gane muryar 'yarsa?"

"Amma yanzun nan na ji..."

"Kin ji kujera mai neman gyara. Dattijo zai faɗi ya karye a wurin aiki, ku ce tsautsayi ne. Ba ku da tausayi a kamfanin nan, daga ke har ubanki. Samo min buhu."

Ya cusa kujerar a buhu ya ɗaure. Bai bi ta layi ba, ta lungun baya ya shiga shagonsa, ya saki labule. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya har suka cika gwangwanin madara. Ya sake yanka mahaɗan, ya sa gam, ya ɗaure ya bari ta kwana. Waɗanda suka ga kujerar daga baya sun ce bai taɓa aiki mai kyau kamarsa ba. Aka sake aro kyanwa. Ya zauna ya jingina, ya yi lilo, ya ɗaga ƙafafun gaba. Kyanwa na barcinta. Ya mayar da kujera ofis, ya ce kyauta ce, aikin dangi.

Fim ɗin tarihin kamfani ya fito. Akwai Kafinta a ciki, tsaye kusa da ƙofarsa, da fensir a bayan kunne, yana bayanin zazzaɓi da ruwan sama da fuskar wanda aka zalunta. Matarsa ta kalla har ƙarshe.

"Malam, ka ce cin mutunci ne, amma na ga har turare ka sa."

"Kyamara ba ta jin ƙanshi."

"Ashe yanzu ka san abin da take ji da wanda ba ta ji."

Kafinta ya gyara fensir a bayan kunne ya nufi shago. Masu neman ƙofa mai kuka har yau korarsu yake yi, don mutum ba ya sayar da aƙidarsa. Abu ɗaya ne ya canza. Wata safiya yana buɗe shago, Mai Ƙusa ya ɗago daga kan wani teburi da yake azabtarwa.

"Malam Ƙiii, an tashi lafiya?"

"Na'am," in ji Kafinta. "Lafiya lau. Ya aiki? A dai riƙa rage ƙusa."

Mai Ƙusa ya tsaya da guduma a sama, ya daɗe yana tunanin inda aka cuce shi, bai gano ba.

Shi kuwa Kunne, tunda an tambaye shi sau ɗaya, bakinsa ya buɗe. Duk baƙon da ya shiga ɗakin tace fim sai ya ba shi labarin babur da makirfo da kujera. In ya zo wurin hujja sai ya ce a saurara, ya ɗaga yatsa, ya jingina baya da ƙarfinsa. Baƙo ya kasa kunne. Kunne ya sake jinginawa. Daga nan baƙon yakan dube shi da tausayi, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya fita. Kujerar ba ta cewa komai. Ta bi ta hannun Malam Ƙiii, shi kuwa aikinsa ba ya magana.